Wa Ke Rawa da Sunanka a Dandali?

Zuwa ga Yayana Asumana, a duk inda wannan wasiƙa ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare a can Libiya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau a Garhanga bana, in ban da ɗan tsaikon da ruwa ya yi bayan noman farko. Gero ya fid da kai. Gonarka ta bakin kwari ba ta kwanta ba, 'yan'uwan matarka Saude sun nome ta. Ɗiyarka ta fara tafiya, tana bin kaji tana faɗuwa. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa dai ce ba ta barinta ta sake. Ni kuma ina Keita wurin aikina na koya wa mata karatu, ina zuwa gida duk ƙarshen mako.

Na san za ka yi faɗa in ka ga na baje maganar gida a shafina, inda kowa ke karantawa. Ka yi faɗan, marhabin da shi. Ka kira ni ka zage ni tas, wallahi sai na yanka kaza don murna. Tun kafin a yi shuka nake tura maka bokal, wato saƙon murya, ban samu amsa ko ɗaya ba. In na kira, tarhon ya yi ta ƙara har ya gaji. Amma ana buɗe saƙonnin. Alamar tana nuna mini an saurara, wani lokaci ma ban gama aje tarhon ba an riga an buɗe. Wani yana jin muryata, Yaya, kuma ban san ko kai ne ba.

Muryarka ta ƙarshe tana nan ban goge ba. Cewa ka yi: "Aiki ya ƙare nan Sabha, za mu gusa gaba wajen teku. In kin ji shiru, rezo na, layi ba shi kamawa. Ki gaida tsohuwa." Akwai ƙarar mota a bayanka, da wani yana tari. Na saurare ta har na san inda ka ja numfashi.

Da shirun kaɗai ne, da na yi haƙuri kamar kowa. Wane gida ne a ƙasarmu ta Adar bai san shirun ɗan biɗa, mai tafiya ci-rani, ba? Wani sai ya shekara ba a ji ɗuriyarsa ba, ran nan kawai a gan shi ya sauko daga mota da katifa a ka. Abin da ya hana ni barci shi ne ina ganinka duk Juma'a kana rawa.

Bari in yi wa masu karatu bayani, tunda ba kowa ya san Dandali ba. Wani yaron Tabotaki da ke karatun kwamfuta a ƙasar waje ne ya gina shi a cikin wata manhaja, don samarinmu da biɗa ta watsa duniya. Ya zana filin wasa irin na ƙauyukanmu, da gawo a tsakiya, da duwatsu jajaye a baya, har da tsohuwar rijiya a gefe. Kowa ya shiga da tarhonsa sai ya zaɓi mutum-mutumin da zai tsaya a madadinsa, sunansa rubuce a bisa kai. Akwai maɓallan da kake dannawa ya taka, ya juya, ya ɗaga hannu. In ka buɗe mikiro kowa na jin muryarka. Ran Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa, don ranar ce na Libiya da Aljeriya ke hutu. Na Abijan su shigo, na Agadas su shigo, na wurin zinariya su shigo in sun samu rezo. Da farko Baba Nomau mai ganga ke kiɗa, yana zaune a zaurensa a Buza, an jingina masa tarho a kan turmi. In ya gaji sai wani dije, mai sakin kiɗan zamani, ya karɓa daga Abijan, fitilu masu launi su kunnu a jikin gawon, fili ya koma gidan rawa irin na birni.

Ka tuna dariyar da na yi maka ranar da ka fara turo mini hanyar shiga? Na ce ƙattai da gemu sun koma wasan 'yar tsana. Da na shiga na ga wanda ka zaɓa, sai da na riƙe ciki. Kai da ko ni na fi ka tsawo, ka samo wani zanƙalele mai faɗin kafaɗa, ka ɗora masa malfa, ka ce wai kai ne. Wushiryarka ma ka toshe ta. Na ce maka ashe abin da ka je nema Libiya ke nan, tsawo.

Amma da Baba Nomau ya juya ganga ya buga takenka, sai dariyar ta ƙare. Taken nan da ya yi maka tun ranar gayyar gonar Kawu, da ka bar sa'o'inka a baya: galma sha ƙasa, wan Ramatu, rana ta gaji ta bar ka gona. Kafin ya kai ƙarshe ka riga ka buɗe mikiro ka kurma ihu, "Sai ni!" Ka zuba kirari har muryarka ta dushe, ina jin abokan ɗakinka suna dukan bokiti suna taya ka. Ina zaune a ɗakina a Keita, hawaye na zuba a kan gilashin tarho. Ranar na daina raina wasan. Na ga maza da ke ɗaukar siminti mako guda cur a ƙasar da ba a san sunan ubansu ba, sun samu inda za a kira su da taken gida.

Abu ɗaya ka tsana, shi ne dije. Da ya saki kiɗansa sai ka ce: "Wanga ba kiɗi ba na, injin niƙa na. Ni na tahi." Mutum-mutuminka ya ɓace, sai wata Juma'ar.

Da ka yi shiru, mutum-mutumin ma ya daina zuwa. Na riƙa shiga ina duba sunayen da ke bisa kawuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman akuyarta a garke. Har ran nan, ana tsakiyar noma na biyu, na gan ka tsaye gefen rijiya da malfarka. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai, har maƙwabciyata ta shigo a guje ba kallabi. Na buɗe mikiro na ce: gajere, ina ka shiga? Na zage ka, na gode wa Allah, na sake zaginka. Mikironka a rufe yake. Na rubuta maka a gefe, ba amsa. Na ce wa kaina ƙila ya lalace ne, ƙila kana inda ba a son hayaniya.

Baba Nomau ya ga sunanka, ya buga takenka da ƙarfinsa duka. Fili ya buɗe maka, kowa ya ja baya yana jira. Ka tsaya ƙyam. Ya maimaita, ka tsaya. Sai da samari suka yi ta kiran sunanka suna turo maka alamar tafi, sannan ka fito ka ɗan taka. Da dije ya karɓa kuwa, ba ka tafi ba. Ka shiga tsakiyar fitilu ka yi ta juyi har aka tashi.

Baba Nomau ya kira ni washegari. Ka san shi ba mai yawan magana ba ne in ba da ganga ba. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna, sannan ya ce: "Ramatu, wanga da ka rawa, ba shi jin abin da ganga ka hwaɗi." Na ce Baba, wataƙila rezo ne ke jinkirta masa sauti. Ya ce: "To. Allah shi sa."

Tun daga ranar nake ƙirƙiro maka dalilai. Na ce ko ciwon wuya ka yi. Na ce ko aiki ne bai samu ba, kunya ta hana ka magana, kamar yadda take hana maza da yawa. In haka ne, Yaya, wa ya aike ka? Ka dawo da rigar jikinka, akwai gero. Na ce ko an kama ka ne, tarhon yana hannun mai gadi. Akwai kuma ɗayan dalilin, wanda kowa ya sani ba a faɗa: in mutum ya faɗi a hanya, tarhonsa ba ya bin sa rami. Wani ke ɗauka, in ba a kulle yake ba ya ci gaba da amfani da duk abin da ke ciki. Kai kuwa ba ka taɓa sa wa tarhonka kodi ba, kullum cewa kake ba ka da abin ɓoyo.

Na nemi yaron da ya gina Dandalin. Ya yi mini kirki ƙwarai, ya duba abin da zai iya dubawa. Ya ce tarhon yana Libiya, can arewa, iyakar abin da yake gani ke nan. Ba ya ganin fuskar mai riƙe da shi. Na tambayi 'yan garinmu da kuka zauna tare a Sabha. Suka ce mota biyu kuka yi, su suka shiga ta gaba, kai ta baya, kuma tun daga nan ba wanda ya sake sa ka a ido. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ni wace fuska zan tambaya? Wadda ka zaɓa ɗin nan kullum murmushi take.

Na so in ɓoye wa Inna, amma magana ba ta kwana a Garhanga. Wata ta faɗa mata a bakin rijiya cewa ana ganin ɗanta yana rawa a tarho. Da na zo gida ran Alhamis ta bari sai da na ci abinci, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "An ce wancan mutum na hitowa cikin abin nan naku. Ki kai ni in gani."

Wancan mutum. Ka san tunda aka haife ka, kai ɗan fari, sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ku ce ma wancan mutum tuwonai na hucewa." In baƙo ya ce ina ɗanki, sai ta ce: "Ni ba ni da ɗa, na kakatai na." Ranar da za ka tafi ma ba ta raka ka ko ƙofar gida ba. Tana ta tankaɗe, ta ce Allah shi kiyaye hanya, kamar da iska take magana. Ni ce na ga garin da ta tankaɗe ranar, ya jiƙe a tsakiya.

Kai ma haka kake da ita. Na tuna ranar gayyar nan, ana cikin buga maka take kana tsalle da galma, sai ga Inna ta ɓullo da ƙwaryar fura a ka. Ka yar da galmar ka faɗa cikin dawa, ba ka fito ba sai da aka rantse maka ta tafi. Har yau ana ba da labarin. Kuma wannan kunya ta bi ku har cikin tarho. Ai kana nan ranar da surukin Hamidu ɗan garinmu ya shigo Dandali bisa kuskure, yana neman ɗansa. Kafin tsohon ya gama sallama, mutum-mutumin Hamidu ya ɓace, aka yi ta yi masa tsiya har wata ya ƙare.

Don haka da Inna ta ce in kai ta, ban hana ta ba. Na ce a raina yau zan sani. In kai ne, da ka ji tana nan za ka gudu, kuma gudun nan shi ne albishir ɗin da nake nema.

Ka san a gida ba a samun rezo mai ɗaukar bidiyo sai an hau tudun bayan makaranta. Muka hau bayan la'asar, ni da ita da Saude da goyo. Tana dafa sanda, tana tsayawa tana hutawa, ta ƙi yarda in riƙe ta. Muka zauna a kan dutse, na kare mata hasken rana da mayafina, na nuna mata gawo da rijiya. Ta ce: "Ikon Allah, har da rijiyar." Na nuna mata kai. Ta daɗe tana kallo, ta ce ka yi ƙiba.

Dije ne ke kiɗa lokacin. Na buɗe mikiro na ce: jama'a, a yi haƙuri, Innarmu tana nan tana kallo, mahaifiyar Asumana. Yaya, da ka ga abin da 'yan Adar suka yi. Dijen ya kashe kiɗa nan take. Fitilu suka mutu. Mutum-mutumai suka tsaya cak, wasu suka fice, sai muryoyi ta ko'ina, daga Abijan, daga Agadas, daga inda ban sani ba: ina wuni Inna, ina gajiya Inna, Allah shi ƙara lahiya.

Kai kaɗai ka ci gaba da rawa. Ba kiɗa, ba tafi, fili ya yi tsit, kana tsakiya kana juyi da malfa. Na ji Saude ta ja numfashi a bayana.

Inna ta karɓi tarhon da hannu biyu. Ta kawo shi kusa da bakinta. Na ga leɓenta na motsi ba sauti, kamar mai gwada ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Sai ta ce: "Asumana."

Ban taɓa jin sunanka da muryarta ba. Ashe a hankali take faɗinsa, tana jan ƙarshen. Maza da yawa suna ji, ba wanda ya yi ko tari. Ta sake cewa: "Asumana. Ni ta."

Mutum-mutumin ya tsaya. Ya juyo, ya ɗaga hannu ya kaɗa, irin kaɗawar da ake yi wa kowa da maɓalli guda. Sannan ya koma rawarsa.

Inna ta miƙo mini tarhon, fuskarta ta washe. Ta ce: "Ya ɗaga min hannu. Gani ya kori ji." Da muna saukowa ta ƙara da cewa: "Birni ya ɓata shi, ya cinye mishi kunya. Allah shi shirya. Amma shina da rai." Ranar ta ci tuwo har da ƙari, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ni da Saude muka haɗa ido sau ɗaya a kan hanya, kowa ta kau da kai. Har yau ba mu yi maganar ba. Ina dai ganinta tana wanke kayanka da ba wanda ya sa, tana shanyawa, tana ninkewa.

Yanzu duk Juma'a Inna tana shirya sandarta tun azahar. Ta hana ni sanar da zuwanta, wai kada a ɓata wa yara wasa. Ba ta sake kiran sunan ba. Takan zauna a kan dutsen nan ta kalle ka har rana ta yi ja, ta ce yau ya yi rawa da kyau, mu tafi. Ni ke riƙe mata tarhon.

Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron ranar Juma'a, ina tsoron kuma ranar da za mu hau tudun mu tarar ba ka zo ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Shekaranjiya Baba Nomau ya sake kirana. Ya ce shi tun kakanninsa ba a buga taken wanda ya riga mu gidan gaskiya a filin wasa, kuma hannunsa ya fara yi masa nauyi in ya zo kan naka. Ya ce: "Ke ta ƙanwatai. Ki hwaɗa min, in ci gaba ko in aje?" Na ce ya ci gaba. Ban san ko na sa dattijo ya yi abin da bai halatta gare shi ba.

In kai ne, Yayana, ɗan'uwana, ba na neman bayani. Kada ka ce mini inda kake, kada ka ce me ya faru. Ka buɗe mikiro ka yi tari kawai. Na san tarinka.

In kuma ba kai ba ne, to da kai nake yanzu, kai mai riƙe da tarhon nan, mai buɗe saƙonnina. Ban san sunanka ba, ban san ko kana jin Hausa ba. Zan sa a juya mini wannan sashe zuwa Larabci da Faransanci in tura maka. Ba na zarginka da komai. Wataƙila tsinta ka yi, wataƙila saya ka yi, wataƙila kai ne ka riƙe kansa a cinyarka. Na san kai ma baƙo ne a inda kake, ka buɗe wani abu a tarho ka tarar da fili cike da mutane suna murna da zuwanka, ka kasa bari. Ka riƙe tarhon, halak malak. Abin da nake roƙo, don girman Allah, ka rubuto mini ni kaɗai. Ka faɗa mini inda ka rabu da shi. In ya rasu, ka faɗa mini ko an yi masa wanka, ko an sallace shi, ko an fuskantar da shi alƙibla. Yana da mata da ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Bayan ka faɗa mini, ina da roƙo na biyu, kuma ya fi na farkon nauyi a bakina. Ran Juma'a ka zo. Ka sa malfar, ka shiga fili, ka ɗaga hannu ko sau ɗaya ne. Akwai tsohuwa a kan dutse tana kallo. Ka ba ni lokaci har a yanke gero, in tara 'yan'uwanta kusa da ita, in nemo bakin da zan gaya mata. Baba Nomau ni zan je har Buza in durƙusa masa. Alhakin duka a wuyana, ba naka ba. Ku kuma da kuke karanta wannan, 'yan Garhanga da na kewaye, Inna ba ta karatu. Na haɗa ku da Allah kada wanda ya kai mata.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda bawanKa Asumana yake a wannan sa'a. In yana bisa ƙasa, Ka tsare shi, Ka kwance harshensa, Ka juyo da fuskarsa gida. In yana ƙarƙashinta, Ka yalwata masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka saka wa hannun da ya rufe shi. Ka tausasa zuciyar wanda ke karanta saƙonnina. Ka dawo da 'ya'yan mutane da ke warwatse a duniya, Ka ba uwayensu ƙarfin jira. Amin.

Gobe Juma'a ce, Yaya. Na sa tarhon a sharji.

Taka ƙanwa,
Ramatu, daga Keita.